Ranar da Aka Yanka Takalmin Sojan Baba

Shekarun baya can, lokacin da jiharmu take sabuwa fil, ba a daɗe da yanke mu daga Sakkwato ba kuma ga shari'a an fara, na yi wa mahaifina wani gata wanda har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. A lokacin ina koyarwa a wata firamare a Ƙaura. Ni ce 'yar bokon gidanmu, kuma ina ji da bokon nan fiye da kima. Duk abin da ya shafi takarda ni ake kira, ni kuma sai in gyara mayafi in ce a bar mini.

Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa. Kofur ake ce masa a unguwa, har limaminmu haka yake kiransa. A can ya samu rauni a idon sawunsa na hagu. Suna tsallaka wani rafi yana ɗauke da akwatin harsashi, dutse ya goce da shi, ƙashin ya karye. A daji aka ɗaure masa da bandeji da itace biyu, kafin ya gama warkewa aka ce a ci gaba da tafiya. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin idon sawun nan ya yi daidai da ɗan'uwansa ba. In ya wuni a gona, da yamma sai ya yi suntum, mahaifiyata ta kawo ruwan zafi ta gasa masa. Saboda raunin akwai ɗan ƙari da ake ba shi a kan fanshonsa. Ba wani abin kirki ba ne, shi kuma ba kuɗin ne a gabansa ba. A wurinsa ƙarin nan shaida ce cewa gwamnati ta san inda ya baro lafiyar ƙafarsa.

Sai aka aiko cewa duk tsofaffin sojojin da ke karɓar kuɗin rauni su je a sake duba su, tunda an raba jiha kuma ana sabunta takardu. Aka ba Baba rana a wani bariki mai nisa, tafiyar wuni guda a mota. Nan fa na tashi tsaye. A tunanina, mutum ba ya zuwa gaban manya a wulaƙance. In za ka ga hakimi kana wanka, ka sa rigarka mai kyau, to ina ga likitocin soja? Na hana shi zuwa gona mako biyu cur. Na kai shadda aka ɗinka masa. Sannan na shiga motar mata, irin wadda aka ware mana a lokacin tunda an hana mu hawa kabu-kabu, na tafi Zurmi garin su mahaifiyata na ɗauko wani wanzami ɗan'uwanta da ya yi suna a kan kumburi.

Baba bai so ba. Ya ce, "Malama, ƙyale ƙahwag ga yadda Allah yab bar ta." Malama yake ce mini in yana son ya tsokane ni.

Na ce, "Baba, gaban manya za ka. Ba ka zuwa musu da ƙahwa awa turmi."

Wanzamin ya murza wurin ya ce mataccen jini ne ya taru. "In munka hidda shi, sai ki ga Kofur na hwareti." Ya yi tsaga, ya kafa ƙaho, ya ja jini baƙi ƙirin. Ya bar mana ganye da man kaɗe a riƙa gashi safe da yamma. Kuma wallahi aikinsa ya ci. Kafin ranar tafiya kumburin ya sace, har jijiyoyin ƙafar suka fito. Na tsaya ina kallo ina jin daɗi, ina ganin babu 'yar da ta kai ni sanin ya kamata.

Na raka shi barikin. Likitan da ya duba shi saurayi ne, bai fi sa'ana ba, yana jin Hausa sama-sama. Bai tashi daga kujera ba. Ya ce a cire takalmi, ya leƙo ta saman tebur, ya ga ƙafa lafiya lau da sabuwar tsaga jere a kanta. Ya tambayi me ye wannan, na yi caraf na ce maganin gida ne muka yi. Ni da bakina. Ya ce Baba ya taka zuwa ƙofa ya dawo. Mutumin da ya ga kaki bayan shekara da shekaru, me kuke tsammani? Ya miƙe ƙyam, ya taka kamar yana filin fareti, ya juyo ya ƙame ya sara masa. Na ga yadda ya cije leɓe wajen juyowar, amma likitan yana rubutu bai gani ba. Na tambaya ko ba za a ɗauki hoton ƙashin ba, ya ce babu buƙata. Duka-duka ba mu yi minti biyar a ɗakin ba.

Ba mu da akwatin gidan waya, don haka wasiƙun Baba ta akwatin wani tsohon akawun reluwe suke zuwa, abokin zamansa a majalisar da ke gindin bedi a bakin layinmu. Ranar da amsar ta zo ina makaranta. Akawun nan, maimakon ya aiko da ita gida, sai ya buɗe a majalisa, ya sa tabarau, ya karanta da Turanci, sannan ya fassara wa jama'a har da ƙarin gishiri. Wai an duba an ga raunin sabo ne, a gida aka same shi, ga tsagar wanzami nan ɗanya, ba shi da alaƙa da aikin soja. An soke ƙarin. An kuma ja kunnensa kan neman abin da ba haƙƙinsa ba.

Baba yana zaune a wurin. Wani ya ce, "Kofur, ashe jaki na yak kada ka, kac ce muna yaƙi?" Aka yi dariya. Wasa ne irin na tsofaffi, na sani, amma Baba ya naɗe buzunsa ya shigo gida, bai sake komawa gindin bedin ba.

Da abin ya tsaya a tsokana da sauƙi. Ku tuna lokacin da nake magana a kai. Ko'ina wa'azi ake yi kan gaskiya da shaidar zur, kowa yana duba na kusa da shi. Ba a yi wata biyu ba rigimar iyakar gona ta taso tsakanin wasu maƙwabtanmu, kuma duk unguwa an san Baba ne ya san inda tsohuwar iyakar take, don yana nan aka dasa aduwar da ta raba su. Aka ce a kira shi shaida gaban alƙali. Ɗaya ɓangaren ya ce bai yarda ba, mutumin da gwamnati da kanta ta rubuta cewa ya yi ƙarya ba ya yi masa shaida. Magana ta dawo gida. Ranar Baba bai ci tuwo ba. Mahaifiyata ta same ni a madafi ta ce, "Ke kinka ja muna wanga abu, ke za ki hidda mu." Kuma gaskiya ta faɗa.

A ƙasan wasiƙar an rubuta cewa wanda bai gamsu ba yana iya neman a sake duba shi. Na zauna na rubuta takardar ɗaukaka ƙara, na zuba duk Turancin da na sani har da wanda ban tabbatar da ma'anarsa ba. Aka ce sai da shaidar wanda suka yi aiki tare. Mutum ɗaya ya rage da rai a cikin waɗanda ke wurin ranar, wani abokinsa a Shinkafi da ke sayar da igiya da akala a kasuwa. Muka je muka same shi a rumfarsa, idonsa ya fara tafiya amma muryarsa tana nan garau. Da na karanta masa abin da aka rubuta wa Baba, sai da ya buga sandarsa a ƙasa.

"Sabon rauni? Ni nid ɗauke shi bisa bayana hal tsallaken ruwa! Yaron da yar rubuta wagga takarda, ko auren uwatai ba a yi ba sa'adda ƙahwag ga tak kare."

Ya faɗa ina rubutawa, ya dangwala yatsa. Da za mu tafi ya riƙe hannun Baba ya ce, "Kai ma da laihinka. Ka tai musu da ƙahwar ranar salla. In sun sake kiranka, kai musu wadda kaka kwana da ita."

Wata da watanni muna jira. Aka ce fayil ɗinsa yana tsohuwar jiha, can kuma suka ce sun turo sabuwa. Na yi zirga-zirga har direbobin tasha suka san ni. A ƙarshe dai aka ba mu rana gaban kwamitin likitoci uku, a barikin nan na farko.

Ni da na yi wa ƙafa kwalliya a karon farko, sai ga ni na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na sayo sanda. Na ce, "Baba, in mun shiga ka dogara ga wagga, ka ja ƙahwa, in an taɓa ka yi ƙara. Kowa haka shika yi."

Ya dube ni, kallon da ban manta ba. Ya ce, "Sun ce ni maƙaryaci na. Ke kuma kina so in tai in tabbatar musu?"

Na ce to ya za mu yi, ga shi tunda damina ta wuce ba ya aikin gona, ƙafar ta kwanta, za su sake cewa lafiyarta lau. Ya ce in bar shi da ƙafarsa.

Ana gobe ranar kwamiti, bayan sallar asuba, na fito da jakata na tarar ya buɗe adakarsa ya ciro takalmansa na soja. Tun da aka sallame shi yake ajiye da su. Duk shekara sai ya shafe su da mai, ya kai wa baduku sau biyu an sake musu ƙasa da taya. Ya yi alwala, ya sa su, ya ɗaure igiya har sama. Muka fito, na nufi tasha, shi kuma ya miƙe hanyar Gusau.

Na ce, "Baba, tasha na nan."

Ya ce, "Kasuwad Daji za mu shiga mota."

Na tsaya. Wanda ya san hanyar ya san ba tafiyar mai ciwon ƙafa ba ce, ko mai lafiya sai ya shirya. Na ce ba zai yiwu ba. Ya ce, "Ba ni yin ɗingishin ƙarya. Tahiya za ni yi irin wadda sunka sa ni yi bisa ƙahwag ga tana karye. Abin da tay yi, shi za su gani."

Na roƙe shi. Na yi masa faɗa irin wanda 'ya ba ta yi wa uba, Allah ya yafe mini. Bai ko waiwayo ba. Haka na bi shi a baya da gorar ruwa, ina kuka ina masifa, ni kaɗai a bakin titi kamar mahaukaciya. Da farko yana taka ƙasa da ƙarfi, har yana ɗan wurga hannu. Da rana ta ɗaga sai ɗingishin ya fito, na gaskiya, wanda na sani tun ina yarinya. Masu kabu-kabu suna tsayawa suna cewa, "Baba, hau in kai ka, ba sai ka biya ba." Ya ɗaga musu hannu ya ce Allah ya yi albarka. Wani mai amalanken shanu ya bi mu a hankali ya fi rabin sa'a yana lallashinsa, da ya gaji ya dube ni ya ce, "Hajiya, ku ji tsoron Allah, tsoho na." Ni ya ɗauka na sa shi. Muka ci gaba da tafiya.

Sai bayan azahar muka isa Kasuwar Daji. Wurin alwala bai cire takalmin ba, shafa ya yi a kai, ya ce ai da tsarki ya sa su. Daga baya na gane ko ya so cirewa ba za su fita ba. Muka samu mota. Duk tsawon hanya gumi kawai yake yi, yana jan carbi. Cikin dare muka isa, da takalman a ƙafarsa ya kwana.

Washegari da hantsi aka kira mu. Likitoci uku a bayan dogon tebur, babbansu mai furfura a tsakiya, kuma a gefen hagunsa ga saurayin nan na karon farko. Baba ya shiga yana dafa bango. Duk da haka sai da ya saki bangon ya ƙame ya sara musu. Aka ce ya cire takalmi. Na durƙusa na kwance igiyar, na ja, ko motsi. Wani ma'aikacin jinya ya zo ya ja, Baba ya runtse ido, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa wanda ban taɓa ji ba. Babban likitan ya ce a dakata, a kawo almakashi.

Baba ya ce, "Ranka shi daɗe, da su niy yi yaƙi."

Likitan ya ce ya yi haƙuri, babu wata hanya. Aka yanka takalmin tun daga sama har ƙasa, aka ɓare shi kamar ɓawon rake. Idon sawun ya kumbura ya haɗe da ƙwauri, ya yi baƙi yana ƙyalli, shatin igiya ya nutse a cikin naman. Babban likitan ya zagayo da kansa, ya durƙusa ya taɓa, ya ce a kai shi hoto yanzu.

Ɗakin hoton, jama'a, shi ne ɗaki na biyu daga inda muke. Taku goma bai kai ba. Yana nan tun zuwanmu na farko, da injinsa da mai aikinsa.

Da aka kawo hoton ya ɗaga shi a taga, ya nuna wa sauran da bakin biro. Ya ce wannan tsohuwar karaya ce da ta haɗe a karkace, ta yi shekaru masu yawa, ko ɗalibi ya gani ya sani. Ya juya ga saurayin ya tambaye shi ina hoton karon farko. Ya ce ba a ɗauka ba. Sannan babban ya dubi Baba ya ce, cikin tausayi wai, "Me ya sa ka wahalar da kanka haka? Ai hoton zai nuna ko babu kumburi."

Nan na manta da ladabin da na zo da shi. Na ce, "Likita, ni da bakina na roƙi a ɗauki hoton nan, ga wanda ya ce babu buƙata nan zaune kusa da kai. Mun zo muku da tsabta kun ce ƙarya muke. Yau da ya zo a ruɓe kun ce me ya sa. To yaya kuke so talaka ya zo muku?" Turancin ma ya gudu, da Hausa na ƙarasa. Baba ya ce, "Malama, ya isa." Saurayin bai ɗago kai ba, bai kuma ce a yi haƙuri ba. Har muka fita ina jiran kalmar nan, ba ta zo ba.

Baba ya dawo gida da silifa a ƙafa ɗaya, yankakken takalmin a cikin jakata.

Amsa ta zo bayan wasu watanni, ta akwatin akawun nan dai. Wannan karon ya aiko da ita a rufe, kunya ta kama shi. Na kai hannu zan buɗe Baba ya hana. Ya ɗauki sandar da na saya, wadda yanzu ba don wasa yake riƙe ta ba, ya ce in biyo shi. Muka je gindin bedi, ni na tsaya daga nesa tunda majalisar maza ce. Ya miƙa wa akawun ya ce, "Kai kak karanta ta hwarko. Karanta wagga."

Ya karanta, ya fassara, babu gishiri ko kaɗan. An tabbatar raunin a bakin aiki aka same shi, an mayar masa da haƙƙinsa. Baba ya ce, "Sake hwaɗin wurin nan." Ya sake. Wanda ya yi maganar jaki ya ce, "Kofur, wasa na fa niy yi." Baba ya ce ya sani, ya shimfiɗa buzunsa ya zauna. Maganar iyakar gona kuwa an riga an yanke ta ba tare da shi ba, kuma ba a inda aduwar take aka sa iyakar ba.

Mutane in na ba su labarin nan sukan ce alhamdulillahi, ai an yi nasara. Ina cewa alhamdulillahi, amma raina bai taɓa yin sanyi ba. Kumburin tafiyar Kasuwar Daji bai sake sacewa ba. Wanzamin Zurmi ya dawo ya gwada, asibiti ma sun gwada. Kafin wannan tafiya Baba yana noma gonarsa, yana sallah a sahun farko, sai dai ya ɗan karkace wurin zaman tahiya. Bayanta bai sake riƙe fartanya ba. A masallaci ƙarshen sahu yake zama jikin bango, ya miƙe ƙafar, ya yi sallarsa a zaune, har Allah ya karɓi abinsa.

Na daɗe ina ɗora wa kaina laifin duka. Ni na kawo wanzami, ni na ɗinka shadda, ni na buɗe baki na ce maganin gida ne. Na yarda wauta ce, kuma har yau 'yan'uwana in za a kai wani asibiti sukan ce kada a gaya wa Malama, za ta warkar da shi kafin a isa. Ina dariya tare da su. Amma da na girma na gane cewa abin da na yi shi ne abin da aka koya mana, ka je wa mutane da mutuncinka. Wanda aka ba kujera don ya duba, ya ƙi tashi daga kanta, shi ne ban yafe wa ba, kuma ban ga alamar zan yafe ba.

Takalmin yana wurina, ɗaya lafiyayye ɗaya a yanke. Na taɓa kai wa baduku ya ce zai iya ɗinke shi tsaf, ba mai ganewa. Har na miƙa masa, sai na karɓe abina. Na riga na yi wa ƙafar nan kwalliya sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya.